Ganga ko jita: wa ke jan ragama a faifan farko na Songhoy Blues?

Kamfanonin faifai na Turai suna da jimla guda da suke maƙala wa duk makaɗan da suka riƙe jitar lantarki kuma aka ji ƙamshin Afirka a kiɗansu: wai sun haɗa rok da bugun Afirka. Jimlar tana rufe abubuwa biyu da ba su da dangantaka sai ta suna.

Na farko shi ne irin na Vampire Weekend, samari huɗu da suka haɗu a Jami'ar Columbia ta Niyok, suka fitar da faifansu na farko a Janairun 2008. Sun ari zaƙin jitar Kwango, har suka sa sunan rawar kwassa kwassa a kan wata waƙarsu. Faifan yana da daɗi, ba na musu. Amma a cire wannan jitar, waƙoƙin na nan daram, domin gangar da ke ƙarƙashi ta rok ce. Afirka a nan ado ce, kamar aikin wuya a riga.

Na biyu shi ne Music in Exile na Songhoy Blues, wanda kamfanin Transgressive na Landan ya fitar a Fabrairun 2015. A 2012 masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali suka haramta kiɗa. Garba Touré da Aliou Touré da Oumar Touré, 'yan ƙabilar Songhai daga yankin Timbuktu da Gao, suka tsinci kansu a Bamako cikin 'yan gudun hijira. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Suka samu makaɗin ganga Nathanael Dembélé, suka kafa Songhoy Blues, suka shiga wasa a gidajen rawa na birnin. A 2013 tawagar Africa Express ta Damon Albarn ta sauka Bamako, Nick Zinner na ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ya yi aiki da su a kan waƙar Soubour, daga baya shi da Marc-Antoine Moreau suka tsara faifan gaba ɗaya.

A kasa kunne ga hannun Garba, mai jitar ƙungiyar. Ba ya yawan canza sautuka kamar yadda mai jitar rok ke tashi daga baiti ya faɗa amshi da wani sabon zubi. Yakan kama gajeriyar jimla guda, a ma'aunin sauti biyar, ya yi ta juya ta, yana ƙara ɗan ƙwalisa a wutsiyarta, ya koma ya sake kamawa. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai gurmi, ko ya saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya san wannan hannun: tsirkiya ce ke yin aikin ganga. Bugun kuma sau da yawa uku-uku yake tafiya, yana rangaji, ƙafa na bin wani lissafi, tafi na bin wani. Aliou ya jefa baiti, sauran su karɓa. Abin da rok ya kawo shi ne ƙara, da kaushin sautin lantarki, da sauri, kamar yadda ake ji a Al Hassidi Terei. A kashe wuta, waƙar ba ta mutu ba, ta dai koma inda mai jitar Mali Ali Farka Touré ya bar ta. Ba mamaki, mahaifin Garba ya yi kiɗa a ƙungiyar Ali Farka.

Sai dai faifan farko na irin waɗannan makaɗa ba ya zuwa kyauta. Kiɗan da aka saba yi a biki, inda waƙa guda ke miƙewa har sai masu rawa sun gaji, dole a datse shi ya dawo minti uku ko huɗu don gidajen rediyon Ingila. Juyin nan da na ambata yana buƙatar lokaci kafin ya kama jiki, kuma a wasu waƙoƙin faifan, yana fara kamawa ake yanke shi. Ga kuma labarin gudun hijira da aka ɗora a goshin faifan, har a sunansa. Gaskiya ne, ba ƙage ba. Amma ya sa 'yan jarida da yawa suka yi ta rubutu kan yaƙi da haramcin kiɗa, ba su tsaya kan abin da yatsu ke yi ba.

Akwai wata hanya ta uku da ta ratsa ta ƙofar gidanmu. A shekarar da Vampire Weekend suka fito, Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa, salon waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfani, babu mai tsara labari. Ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin suka zaga Sahel, har Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya ci karo da su ya shiga cigiyar mai su. Rok mai ƙarar da aka san Mdou da shi yau daga baya ya zo, har kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021, lokacin da masu sauraro na gida sun riga sun haddace waƙoƙinsa.