Jinjina ga masu gina manhajojin binciken kalmomi na kyauta

Duk mai sana'ar da ya buɗe shafi a intanet, tambaya ɗaya ke cin ransa: da waɗanne kalmomi jama'a ke neman irin hajarsa? Amsar tana hannun wasu bayin Allah da ba mu san fuskokinsu ba, wato injiniyoyin da suka gina manhajojin binciken kalmomi, suka bar su kyauta ga kowa.

Dubi Google Trends, wanda aka ƙaddamar a 2006. Mai sayar da yadi ya rubuta "shadda" da "atamfa", nan take layuka biyu su bayyana a kan ma'aunin 0 zuwa 100. Zai ga watan da neman kowanne ke tashi da yankin da aka fi nemansa, har ya waiwayi bayanan da suka faro daga 2004. Shi kuwa Search Console, wata manhajar ta kyauta, yana nuna wa mai shafi ainihin kalmomin da suka kawo masa baƙi.

Wannan sauƙi gumin wasu ne. Su ke tace tulin bayanai, su cire duk abin da zai tona asirin mai bincike, su ware maimaici, su kwana suna gadin na'urori don kada aiki ya tsaya.

Ba don su ba, da ƙaramin ɗan kasuwa sai dai ya yi ta lalube a duhu, manyan kamfanoni masu kuɗin biyan manhajoji masu tsada su cinye kasuwar su kaɗai.