Sauƙi ga Wa? Nazarin Muhawara kan Sauƙin Amfani da Manhajoji

Fuskar manhaja ita ce ɓangaren da mutum yake gani yake kuma taɓawa idan ya zauna gaban kwamfuta ko ya ɗauki waya, wato maɓallai da jerin zaɓi da 'yan alamomin da ake dannawa, kuma tun daga lokacin da kamfanin Xerox ya fito da kwamfutar Star a 1981, Apple kuma ya biyo da Macintosh a 1984, ba a daina gardama kan yadda ya kamata a tsara wannan fuska ba. Abin da ake jayayya a kansa shi ne sauƙin amfani, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fayyace a 1998 da cewa ya ƙunshi abubuwa uku: mutum ya cimma abin da ya nufa, ya cimma shi ba tare da ɓarnar lokaci da ƙarfi ba, ya kuma gamsu. Ma'anar ta ƙara da wani sharaɗi da masu gardama suka fi yawan mantawa, wato cewa ana auna waɗannan abubuwa ne ga wasu mutane takamaimai, masu wani aiki takamaimai, a cikin wani yanayi da aka sani. Yawancin muhawarar da ke ƙarewa ba tare da an fahimci juna ba, daga watsi da wannan sharaɗi take tasowa.

Akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa, sauƙin koyo ga baƙo da saurin aiki ga wanda ya goge, kuma sau da yawa abin da ya taimaki ɗaya yana takura ɗayan. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Microsoft Office 2007. Manhajar Word ta 2003 tana da umarni fiye da 1,500 da aka cusa cikin jerin zaɓi masu rassa, har ya zama mutane suna roƙon kamfanin ya ƙara abubuwan da tuni suna ciki, sai dai ba su san inda aka ɓoye su ba. Saboda haka aka rushe tsohon tsarin, aka shimfiɗa umarnin a wani faffaɗan zirin da ke saman allo, wanda aka raɗa wa suna Ribbon. Sabon shiga ya ga kayan aikinsa a sarari, amma sakataren da ya shekara goma hannunsa na zuwa wurin da yake so ba tare da ido ya duba ba, sai ya wayi gari yana lalube. Jef Raskin, wanda ya fara aikin Macintosh, ya riga ya yi bayani a 1994 cewa abin da mutane ke ɗauka mai sauƙin ganewa da kansa, a mafi yawan lokuta abin da suka saba da shi ne kawai. Hausawa kan ce sabo turken wawa, amma a nan karin maganar bai yi wa sakataren adalci ba, domin sabonsa jari ne da ya tara da gumi, kuma wanda ya rushe shi ba shi ne zai biya asarar ba.

Masu tsara manhaja sun nemi su kashe gardamar da hujjar ƙididdiga, sai ƙididdigar ta buɗe wata sabuwa. Lokacin da Microsoft ya cire maɓallin Start daga Windows 8 a 2012, ya kafa hujja da bayanan da ya tattara daga kwamfutocin mutane, waɗanda suka nuna cewa an rage buɗe jerin zaɓin da ke ƙarƙashin maɓallin. Abin da lissafin dannawa bai nuna ba shi ne, mutum na iya daɗewa bai taɓa wani maɓalli ba, amma ganinsa a wurinsa ne ke ba shi natsuwar cewa ya san hanyar komawa idan ya ɓace. Koke ya yi yawa har aka dawo da maɓallin a 2013, aka kuma dawo da jerin zaɓin a Windows 10 a 2015. Irin haka ta faru a duniyar Linux da fitowar sabuwar fuskar GNOME 3 a 2011, inda Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya soki sabon tsarin, sai dai a can waɗanda ba su gamsu ba suna da ikon ɗaukar tsohuwar manhajar su ci gaba da ita, kuma haka aka sami fuskar da ake kira MATE.

Hanyar da ta fi ƙididdiga kusanci da gaskiya ita ce gwajin amfani, wato a zaunar da mutum a ba shi aiki, a yi shiru a kalli inda zai tuntuɓe. Jakob Nielsen ya yaɗa ra'ayin cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin shafin intanet, kuma wannan ra'ayi ya yi amfani ƙwarai, tunda ya cire wa ƙananan kamfanoni uzurin tsada. Duk da haka, binciken Rolf Molich, ɗan ƙasar Denmark, ya kamata ya sa kowane ƙwararre ya sassauta murya. A ƙarshen shekarun 1990 ya sa ƙungiyoyi tara na masana suka gwada shafin Hotmail kowace ita kaɗai, suka kawo matsaloli 310, amma kashi uku cikin huɗu na waɗannan matsaloli ƙungiya ɗaya tak ce ta gano kowace. Wannan bai rushe amfanin gwaji ba, amma ya nuna cewa abin da aka gano ya danganta da wanda aka zaunar, da aikin da aka ba shi, da idon mai kallo, don haka wanda ya ce bincike ya tabbatar da sauƙin manhajarsa, wajibi ne a tambaye shi su wa aka gwada.

A nan ne babban giɓin muhawarar yake, domin masu yinta, daga injiniyoyi har masu sukarsu, mutane ne da suka iya karatu, suka ji Turanci, suka kuma taɓa zama a ofis. Tsarin da aka gada daga Xerox ya ɗauka cewa mai amfani ya san tebur da fayil da kwandon shara na ofis, kuma har yau manhajoji da yawa na nuna hoton faifan ajiya na filofi a matsayin alamar adanawa, alhali yawancin masu waya ba su taɓa riƙe shi ba. Indrani Medhi, wadda ta yi bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalore ta Indiya tare da mutanen da ba su yi nisa a karatu ba, ta gano cewa jerin zaɓi mai rassa cikin rassa yana ba su wahala ko da an rage rubutu, kuma murya da zane sun fi kai su ga biyan buƙata.

Wanda ya san kasuwannin Kano ko Maraɗi ba zai yi mamakin wannan ba, ganin yadda saƙon murya na WhatsApp ya zama hanyar ciniki ga waɗanda rubutu ke yi wa nauyi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, jama'a da yawa sun koma tura kuɗi ta lambobin USSD, wato gajerun lambobin da ake dannawa tsakanin tauraro da alamar tsani, waɗanda ke aiki a kowace irin waya ba tare da intanet ba. Amma zaɓin da ke fitowa yawanci da Turanci yake, kuma layin na yankewa idan mutum ya yi jinkirin amsawa, wanda hakan ke nufin mai karatu a hankali shi ne aka fi hukuntawa. Irin wannan mutum ba ya rubuta koke, ba ya kuma shiga ƙididdigar kowa a matsayin wanda ya kasa, domin abin da yake yi shi ne ya miƙa katinsa ga mai POS, wani lokaci har da lambar sirrinsa, ya biya ladan aikin da manhajar ta kamata ta ba shi damar yi da hannunsa.