Jinjina ga Masu Raya MGB a Garejin Gida

A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar motocin MG da ke Abingdon a Ingila, bayan ta ƙera MGB sama da 500,000 tun daga 1962. Amma har yau motar tana ruri a kan titi, albarkacin mutanen da ke raba dare a garejin gidajensu da sifana a hannu. Su nake yi wa jinjina.

Babbar abokiyar gabarsu tsatsa ce. MGB ba ta da shasi na daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka idan ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe, ƙarfin motar ya tafi. Sai mutum ya yanke, ya auna, ya yi walda, hunturu guda na iya ƙarewa a kan gefe ɗaya. Wanda tasa ta ci tura yakan sayi sabon bodi daga kamfanin British Motor Heritage da ke Witney.

A cikin ayyukansu, saitin kafiretocin SU guda biyu na injin motar ya fi burge ni. Gwani yakan kara tiyo a kunne, yana sauraron yadda kowace ke shaƙar iska, yana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan har sautinsu ya zo ɗaya.