Mun Kashe Shi, Amma Zai Dawo

A watan Mayun 2015 tashar CW ta Amurka ta saki tallar wani sabon fim mai dogon zango mai suna Legends of Tomorrow, wanda ya tsiro daga jikin Arrow da The Flash. Sai a watan Janairun 2016 aka fara nuna shi, amma tun daga ranar tallar masoya suka hana kansu sakat. An ce za a tara jarumai da 'yan daba a jirgi guda, su riƙa ratsa zamani gaba da baya suna farautar wani azzalumi da ba ya mutuwa. Duk wannan bai tayar da ƙura kamar fuska ɗaya da aka hasko ba: Sara Lance, wadda aka harbe da kibiyoyi ta faɗo daga saman bene a farkon zango na uku na Arrow, a watan Oktoban 2014. An yi mata jana'iza, 'yan kallo sun yi kukansu sun share hawaye, sai ga ta tsaye da ƙafafunta.

Tun daga lokacin nake lura da wannan ɗabi'a, kuma kullum ƙara yaɗuwa take yi. Da zarar an sanar da cewa wani shahararren fim na ƙagaggen labarin kimiyya zai yi reshe, kuma reshen ya ƙunshi tafiya cikin zamani, tambayar farko da masoya ke yi ita ce: wa za a dawo mana da shi? Ba kasafai za ka ji ana tambayar wane labari za a bayar ba. Kamfanonin sun gane haka sarai, shi ya sa injin komawa baya ya zama musu hanyar kwance duk wani ƙulli da suka taɓa ɗaurewa. Ni kuwa a ganina wannan ɗokin shi ne babban abin da ke lalata irin waɗannan finafinai, kuma waɗanda suka yi armashi a cikinsu sai da suka juya wa ɗokin baya kafin su yi.

Ba na raina masu ɗokin, domin ina cikinsu. Wanda ya kalli Prison Break a faifan bidiyo, a shekarun da ake kwana ana bin Michael Scofield da yayansa Lincoln, ya san abin da ya ji da aka ce Wentworth Miller da Dominic Purcell za su sake haɗuwa, ɗaya da bindigar ƙanƙara ɗaya da bindigar wuta. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. (Shi kansa Scofield ɗin, da aka nuna mana kabarinsa a 2009, sai ga shi a 2017 a wani kurkuku a Yaman, ko injin zamani ba a nema ba.) Aka kuma ɗauko Arthur Darvill, wanda ya yi shekaru yana yawo cikin zamani a Doctor Who, aka ba shi matsayin Rip Hunter, kyaftin ɗin jirgin Waverider. Duk wata tsohuwar soyayya da ɗan kallo ke da ita, an nemo ta an jera a teburi ɗaya.

To me aka samu? Zangon farko ya bai wa masoya duk abin da aka yi musu alkawari, kuma shi ne mafi rauni a cikin bakwai ɗin da aka yi. Rip Hunter ya taso daga shekarar 2166, inda Vandal Savage ya kashe masa mata da ɗa a Landan, ya tara tawaga don a hana aukuwar hakan. Kashi bayan kashi ana bin Savage, a kama shi, ya kuɓuce, saboda an ce ba mai iya kashe shi sai wata mai fukafukan shaho da suka yi rayuwa tare tun zamanin Fir'auna. Ita kuma an ɗaure ta da wata soyayya ta shekara dubu huɗu wadda ba ta taɓa zuciyar kowa ba. Kowa ya murtuke fuska, ana ta jawabi a kan ƙaddara. Abin da ya tsaya wa mutane a rai a zangon shi ne mutuwar Leonard Snart, wato Miller, ɓarawon da ya sadaukar da ransa don abokan tafiyarsa. Wannan mutuwa ta yi nauyi. Sai dai a zango na biyu aka koma baya aka ɗauko Snart na kafin ya shiryu, a na uku kuma aka kawo wani Snart daga wata duniyar daban. Bayan haka wa zai sake yarda idan an ce wani ya mutu?

A nan matsalar take. Labari yana kama mutum ne saboda akwai abin da za a iya rasawa. Idan mai kallo ya san cewa duk wanda ya faɗi za a iya zuwa shekarar bara a ɗauko shi, to faɗa ya zama wasan yara, sadaukarwa ta zama hutun ɗan lokaci. Marubuci yana cin riba sau biyu: ya sa ka kuka ranar da ya kashe, ya sa ka tafi ranar da ya tayar. Amma ribar ɗumame ce, safiya ɗaya take yi, ba a kai shi kwana uku.

Abin mamaki, Legends of Tomorrow ya gane haka da kansa. Daga zango na biyu aka sallami mai fukafukan shahon da masoyinta, aka miƙa wa Sara Lance ragamar jirgin, fim ɗin ya daina ɗaukar kansa da nauyi. Wata 'yar tsana shuɗiya mai magana, Beebo, ta faɗa hannun mayaƙan Viking wajen shekara ta 1000 suka mai da ita abin bauta, kuma a ƙarshen zango na uku, a 2018, ƙatuwar Beebo ce ta yi dambe da wani aljani da ake tsoro. A wani kashin, wani ƙaton goggon biri mai magana ya je 1979 zai hallaka Barack Obama yana ɗalibi. Babu masoyin da ya roƙi wannan a 2015. Da an tambaye su, da sun ce an raina musu hankali. Amma wannan haukar ce ta ba fim ɗin kamanni nasa na kansa.

A cikin wannan shiriritar kuma aka fara girmama mutuwa, abin da zangon farko mai murtukakkiyar fuska ya kasa. A ƙarshen zango na biyu Sara ta riƙe wani mashi da ke iya sake rubuta duniya yadda mai shi ya so. 'Yar'uwarta Laurel ta mutu, ga dama ta dawo da ita, ta ƙi. Da Farfesa Martin Stein, ɗaya daga cikin tawagar, ya mutu a 2017, abokinsa Jax ya samu ya miƙa wa Stein na ƙuruciya wasiƙar gargaɗi, shi kuwa ya ƙona ta bai karanta ba. Waɗannan wurare biyu sun fi duk wani tayar da matattu da fim ɗin ya yi tasiri, domin a nan ne injin zamani ya yi aikin da ya dace da shi: ya ajiye wa mutum ƙofar komawa a buɗe, mu ga ko zai shiga.

Akwai kuma Zari, Musulma da ta fito daga shekarar 2042, lokacin da gwamnati ta haramta addini. Tala Ashe ce ta fito a matsayin. Akwai kashin da aka nuna ta tana azumin Ramadan a cikin jirgin, ɗan daban tawagar Mick Rory, wato Purcell, yana ta ciye-ciye a gabanta bai san dalilin da ya sa ta ƙi abinci ba, har daga baya ya fahimta. Ban cika ganin an nuna azumi haka, ba wa'azi ba izgili, a fim ɗin jaruman Amurka ba. Zari ba ta cikin kowace talla da aka yi ɗoki a kanta. Sabuwa ce fil, kuma ta fi da yawa daga cikin tsofaffin fuskokin da aka yi ta ihu a kansu daɗin kallo.

Wani zai ce ai da tsohuwar zuma ake magani, ya kawo misalin Loki. Thanos ya shaƙe Loki a farkon Avengers: Infinity War a 2018. A Endgame na 2019, da jarumai suka koma 2012, Loki na wancan lokacin ya sulale da akwatin Tesseract, kuma daga wannan ɓarakar aka gina fim mai dogon zango da aka fara nunawa a Disney+ a watan Yunin 2021. Na yarda, dabarar iri ɗaya ce, kuma fim ɗin ya yi kyau. Amma a duba abin da marubutan suka yi da ita. Tun a kashi na farko suka zaunar da Loki suka nuna masa rayuwar da bai yi ba, har da yadda aka karya masa wuya, suka tabbatar masa da mu cewa wancan Lokin ya tafi ke nan. Sannan suka jefa shi cikin wata hukuma mai kula da zamani, cike da ma'aikata da takardu, wadda babu wanda ya taɓa ganinta a finafinan baya. Mutanen da suka ɗauki fim ɗin tare da Tom Hiddleston, wato Loki, duk baƙi ne: Mobius na Owen Wilson, da Sylvie, da jami'a B-15 wadda Wunmi Mosaku, haifaffiyar Zariya, ta fito a matsayinta. Suka yi zango biyu, kashi shida-shida, suka rufe a 2023 da Loki zaune shi kaɗai yana riƙe da zaren zamani, ya rasa abokan da ya yi duk wahalar dominsu. Tsohuwar fuska ta kira mutane ƙofa, amma abin da suka tarar a ciki sabo ne, kuma an biya farashi.

Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa tun 1963, ya fi kowa sanin wannan wasa. Reshensa Torchwood na 2006 an gina shi ne a kan Kyaftin Jack, mutumin da ba ya mutuwa, amma abin da mutane ke tunawa shi ne waɗanda suka mutu a gefensa ba su dawo ba. Da aka kashe abokin aikinsa Ianto Jones a 2009, masoya suka riƙa liƙa wasiƙu da furanni a wani bango da ke bakin ruwa a Cardiff, suna makokin mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. Uwar fim ɗin kuwa a 'yan shekarun nan ta koma jingina da tsofaffin fuskoki. An dawo da tsohon tauraronsa David Tennant a 2022, a 2025 kuma tauraron lokacin, Ncuti Gatwa, ya rikiɗe sai ga fuskar tsohuwar 'yar wasan fim ɗin Billie Piper. Kowanne ya jawo hayaniya ta mako guda a intanet. Idan hayaniyar ta lafa, sai ka tambayi kanka wane labari aka bayar, ka ji shiru.

Laifin kamfanoni a bayyane yake. Suna kashe maƙudan kuɗi, suna tsoron asara, kuma sunan da aka sani ya fi sabon suna saurin jawo mai biyan kuɗin wata. Amma mu ma 'yan kallo muna da kaso. Mu ne muke tsayar da talla daƙiƙa bayan daƙiƙa muna neman inuwar wani da muka sani. Mu ne muke tsara fim ɗin a zukatanmu wata takwas kafin ya fito, idan ya zo da wani abu daban mu ce an ci amanarmu. Da aka farfaɗo da Quantum Leap a 2022, mutane da yawa sun yi ta kallo suna jiran ranar da tauraron fim ɗin na asali, Scott Bakula, zai leƙo, alhali ya riga ya faɗa cewa ba ya ciki. Bai zo ba, aka rufe fim ɗin a 2024 bayan zango biyu, kuma sababbin 'yan wasan ba su taɓa samun a auna su da ma'auninsu ba.

Ɗokin ma ba ya kare fim daga wuƙar 'yan kasuwa. Legends of Tomorrow ya yi kashi 110. A na ƙarshe, a watan Maris na 2022, aka kama tawagar gaba ɗaya bisa laifin taɓa tarihi, aka gabatar da Booster Gold, wanda masu karanta littattafan DC suka daɗe suna roƙo. A ƙarshen Afrilu CW ta soke fim ɗin, a shekarar da ake cinikin sayar da tashar ga kamfanin Nexstar. Masoya suka yi ta kamfe a dawo da shi, ba a dawo da shi ba. Har yau tawagar tana hannun 'yan sandan zamani.

Don haka idan aka sake sanar da wani reshe mai injin komawa baya, kuma za a sanar, ka saurari abin da tallar ke sayar maka. Idan duk abin da take da shi shi ne fuskar wani da ka yi wa kuka shekara biyar da suka wuce, ka rage zumuɗi, ka bari a nuna kashi uku tukuna. Idan kuwa ka ga sunayen da ba ka sani ba da wurin da ba ka taɓa gani ba, wannan shi ya cancanci ka sayi data dominsa.