Nutsuwar Maharbi: Abin da Ba a Ɗura Shi a Bindiga

A Durun da sauran ƙauyukan ƙasar Kabo da Gwarzo, da zarar an ce wane ba ya kuskuren harbi, sai ka ji an ce ai ya sha. Ko laya ce, ko guru, ko wani abu da kakansa ya bar masa. Wannan zance ya daɗe yana kawar mana da kai daga ainihin sana'ar. Wanda ya lura da yadda ake rainon maharbi zai ga shekaru ake yi ana horar da zuciyarsa kafin a damƙa masa makami.

Daga gona horon yake farawa. Yaron da aka sa gadin gero, yana wuni da danƙo a hannu, nan yake gane cewa tsuntsun da ya tashi ba a jifan inda yake, sai inda za shi. Idan ya tasa ya fara bin uba daji, aikinsa riƙon jaka da yin shiru. Ya koyi sanɗa, ya koyi bin iska don kada dabba ta ji warinsa. Mai sa kan burtu kuwa rarrafe yake yi, yana ɗaga kai yana sunkuyarwa kamar tsuntsun yana kiwo, ƙaya na sukarsa amma ba halin motsin banza.

Ita kanta bindigar toka malama ce. Harbi ɗaya gare ka. Kafin ka sake zuba albarushi, ka tura tsumma, ka danna, ka ɗura ƙarafa, fakara ta daɗe da ɓacewa. Wani lokaci ma akan sami ɗan jinkiri tsakanin jan kunama da tashin wuta. Saboda haka gwani ba ya tsayar da hannu idan ya ja kunama, yakan ci gaba da bin tsuntsun da bakin bindiga har ta tashi. Mai garaje shi ke ɗaga kai don ya ga ko ya samu, sai ya rasa. Sauri ya haifi nawa.

A wasu ƙasashe an mai da wannan ilimi wasa. A 1880 George Ligowsky na Amurka ya ƙirƙiro faifan yumɓu da ake cillawa sama a harba maimakon tattabara, Ingila kuma ta hana gasar harbin tsuntsaye masu rai a 1921. Faifan da ake amfani da shi yau faɗinsa milimita 110 ne. Harbinsa yana cikin gasar Olamfik, inda Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a 2004, Fehaid Al-Deehani na Kuwaiti ya ci a 2016. Masu horar da irin waɗannan gwanaye suna nanata abubuwa kaɗan: ido a kan faifai ba a kan bindiga ba, tsayuwa da numfashi iri ɗaya kafin kowane harbi, hango harbin a zuci kafin a yi shi, da mancewa da kuskuren baya. Farfesa Joan Vickers ta Jami'ar Kalgari a Kanada ta nuna cewa gwanaye sun fi 'yan koyo daɗewa da kafa ido a kan abin hari kafin su motsa. Duk sarkin bakan da ka karanta wa wannan zai ce ai ya sani.

Inda masu horar da 'yan wasan suka fi mu shi ne suna faɗa, suna rubutawa, suna aunawa. Mu kuwa mun naɗe ilimin cikin asiri. Idan yaro ya yi kuskure, maimakon a ce masa ya yi bara a bayan tsuntsun, ko ya riƙe numfashi har hannu ya yi rawa, sai a ce an ɗaure masa bindiga. Wanda bai san dalilin kuskurensa ba, da me zai gyara? Ba na raina addu'ar da maharbi ke yi kafin ya fita, ko kirarin da kiɗan komo ke sa shi yi, domin suna tattara hankali wuri ɗaya. Illar ita ce a ɗauka sun wadatar ba tare da gwaji ba.

Ga kuma wata matsala: makarantar daji tana rufewa. Gonaki sun cinye dazuzzuka, zabon daji da gada sun yi wuyar gani, dajin Falgore kuma gandu ne da doka ta kare. Ba za a ci gaba da koyo a kan ragowar namun dawa ba.

Ƙungiyoyin mafarauta na yammacin Kano suna iya keɓe fage da rani, bayan an kawar da amfanin gona, da sanin hukuma da lasisin 'yan sanda. Maginan tukwane su yi faya-fayan, yara su fara da danƙo da kwari da baka, dattawa su zauna su faɗa wa kowa inda ya kuskure da dalili. Ta haka ilimin zai fito daga bakin masu shi tun suna da rai.