Kunne Ko Kwali?

'Yan uwana mata, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana wajen haɗa kayan ɗaki wadda ni dai ba ta kwanta mini ba. Uwar amarya za ta je kasuwar Tsamiya ko Lolo, can bakin iyakar Benin inda kayan Kwatano ke sauka kafin su iso Bagudo, ta ce a ba ta rediyo ko sifika mai babbar lamba. Mai shago ya juyo kwali, ga 5000W rangaɗau da ja, ya ce, "Hajiya, wannan har Kaoje sai an ji ɗiyarki." Shi ke nan a biya, ko kunnawa ba a yi ba.

Don Allah mu yi lissafi. Dutsen guga na lantarki wat 1000 yake ci ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareto ke kuka in an jona shi. To ta yaya abin da batirin tocila shida ke tayarwa zai ba da ninki biyar na wannan? Ku duba gefen lambar, za ku ga ƙananan haruffa, PMPO. Awo ne marar ƙa'ida, kowane kamfani da yadda yake ƙirga nasa. Na gaskiyar shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba tsayawa, irin wanda hukumar kasuwancin Amurka ta wajabta a bayyana tun 1974. Kuma ko lambar ta gaskiya ce, sai an ninka wat sau 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu.

Sai dai fa shi ma kunnen ana yi masa wayo. Cikin hayaniyar kasuwa, wadda aka fi ƙure wa murya ita ke kama da mai kyau, balle in tana dukan ƙirji. Ki ce, "Malam, rage." A ɗaki za ki saurara, wataƙila ma goyo na barci. A sa miki waƙar Barmani Choge, ki ji ko kalmominta na fita daban da kiɗan ƙwarya, ko kuwa duk sun cakuɗe kamar ana magana cikin tulu. Sannan a kamo labarai, domin muryar mai magana ba ta rufa wa sifika asiri. Daga nan a ƙure ta ki ji ko tana karkarwa.

Ni abin da nake dubawa a kwali biyu ne kawai: 220V, don kada wuta ta cinye ta ranar tarewa, da SW, in maigida mai kama tashoshin waje ne da asuba.