Daga Taska Zuwa Dandali: Hotunanmu da Hanyar Dawowarsu Gida

A Maijirgi, gabas da Tasawa kan hanyar Damagaram, har yau ana nuna wa baƙo kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisan gilla, kafin sojojinsu su juya musu bindiga a watan Yulin 1899. Labarin nan ya shiga silima fiye da sau ɗaya. Med Hondo ya yi "Sarraounia" a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ɗauke shi a Burkina Faso. A 2020 kuma Rob Lemkin ya fitar da "African Apocalypse", inda jikokin waɗanda aka yi wa ta'asar suka yi magana da bakinsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: a ina ɗan Maijirgi ko ɗan Mayahi zai je ya ce a kunna masa su?

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972 da "Le Wazzou polygame". Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, yana cikin na farko da suka yi fim na zane mai motsi a Afirka, ya kuma shafe shekaru yana jagorantar sashen silima a jami'ar Yamai. Jean Rouch ya yi fiye da shekara 50 yana ɗaukar mutanen ƙasar nan, har ajalinsa ya same shi a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Amma mafi yawan asalin zaren waɗannan fina-finai a Turai yake ajiye. Akwai dalili: zaren fim ba ya shiri da zafi da laima. In an bar shi cikin gwangwani a ɗaki mara sanyi sai ya fara warin tsami, ya tattare, ya manne, shi ke nan an yi asararsa.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da jami'a za ta iya. "Shehu Umar", wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. Aka tsinto shi cikin tarin gwangwanaye a Legas, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finan birnin a 2018. Daga baya Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Jamus, ta buɗe digiri na biyu kan adana fina-finai.

Gyara rabin aiki ne. Taskokin jami'o'in Turai da Amurka kan bi hanya biyu wajen nunawa: zauren kallo a harabar makaranta, da ɗora fim a intanet na ƴan kwanaki. Ta biyun ce ake yi wa kirari da cewa ta buɗe ƙofa ga kowa. A wurinmu ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Manomin da ke hawa tudu neman rezo ba zai ƙone kuɗin cefanen mako a kan fim na awa biyu ba, balle fassarar a rubuce take da Faransanci ko Ingilishi, shi kuwa da kunne ya saba ɗaukar labari.

Shi ya sa nake ganin darasin yana wurin majigi. Gaskiya ne Turawan mulkin mallaka sun kawo shi Arewacin Najeriya don cusa manufofinsu, su koyar da noman auduga da tsafta, su nuna ƙarfin daularsu. Ba na kewar wannan. Tsarinsa nake so: mota, farin ƙyalle, fili bayan sallar isha'i, da mai bayani riƙe da lasifika yana juya komai zuwa Hausa. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta gwada irinsa a ƙauyukan Nijar. A irin wannan zama dattijo kan gane fuska, ya faɗi sunan gari, ya gyara kuskuren mai ɗauka, abin da ba kundin taskar da ya rubuta.

Ina kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi: ta nemo kwafin fina-finan nan da izinin masu haƙƙi, ɗalibanta su sa musu muryar Hausa, in an gama girbi a ɗauki injin haske da janareta a fara da Maijirgi.